Sakkwato zuwa Jidda: kilomita nawa ne, kuma me ya sa awannin ba su tsayawa wuri ɗaya?

Nasiru Mabera: Assalamu alaikum jama'a. Innarmu za ta tafi aikin Hajji bana in Allah Ya yarda, kuma ta ce in binciko mata tsawon tafiyar saboda ƙafafunta ba su son dogon zama. Na duba a waya nisan filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar III da na Jidda, wani wuri ya ba ni 3,700 da ɗoriya, wani ya ba ni 2,300, wani kuma 2,000. Wanne ne gaskiya? Sannan ƙanin babanmu ya ce awa huɗu da rabi suka yi, maƙwabciyarmu ta ce su kusan bakwai suka yi. Ni dai abin ya ɗaure mini kai.

Malam Umaru Gidan Igwai: Wa alaikumus salam Nasiru. Allah Ya sa ta yi karɓaɓɓe. Duka ukun daidai ne, ma'aunin ne ya bambanta. Na farko kilomita ne, kimanin 3,720. Na biyu mil ne irin na ƙasa, kowane ɗaya kilomita 1.6. Na uku mil ne na teku, wanda jiragen ruwa da na sama suke aiki da shi, kowane ɗaya kilomita 1.852. Raba 3,720 da 1.852 ka gani, za ka samu 2,000 da 'yan kai. Idan kuma Madina za a sauke su, wato filin jirgin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz, to nisan ya ƙaru kaɗan, wajen kilomita 3,840.

Nasiru Mabera: Na gode Malam. To awannin fa?

Alhaji Garba Illela: Yaro, bar biye ma waya. Mu da munka tahi munka dawo mu muka sanin nisa. Lissahin takarda daban, zaman kujera daban. Ni ban taɓa ganin jirgin da yab bi abin da waya tac ce ba.

Malam Umaru Gidan Igwai: Alhaji, maganarka tana da tushe, amma kada mu watsar da lissafin. Lambar da ke cikin waya ita ce mafi gajartar hanya tsakanin wuraren biyu a bayan ƙasa. Ba wanda zai iya yin ƙasa da ita, sai dai a ɗara. Lokacin da nake koyar da labarin ƙasa, kankana nake sa yara su kawo. A soka tsinke biyu a jikinta, ɗaya Sakkwato ɗaya Jidda, a ɗaura zare a ja shi ya miƙe sosai. Inda zaren ya kwanta nan ce hanyar. In ka zana wannan layi a kan taswirar bango, wadda take shimfiɗe, sai ka ga ya ɗan yi baka zuwa arewa, yara su ce ai ya karkace, alhali shi ne miƙaƙƙen. Taswirar ce ta baje abin da yake dunƙule. Kewayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne, tsakaninmu da Jidda kuwa digiri 33 da rabi cikin 360. Kowane digiri kilomita 111. Ku buga a wayoyinku, amsar nan za ta fito.

Zainab Arkilla: Malam ina da tambaya. Ta kan waɗanne ƙasashe zaren yake bi?

Malam Umaru Gidan Igwai: Da an tashi, ba a jima ba an shiga sararin Nijar, ta kudancinta. Daga nan a ratsa Cadi ta arewa da Tafkin Cadi, a faɗa arewacin Sudan, a ƙetare kogin Nilu can arewa da Khartoum, sai Bahar Maliya. Tekun shi ne iyakar Afirka da Asiya a wannan wuri, kuma ƙetare shi daga gaɓar Sudan zuwa Jidda bai kai kilomita 300 ba. Minti ashirin ne ko kusa da haka. Wato fiye da kashi tara cikin goma na tafiyar a saman Afirka ake yin ta.

Zainab Arkilla: Ikon Allah. Ni a zatona tunda wata nahiya ce daban, dole ta fi ko'ina cikin Afirka nisa.

Malam Umaru Gidan Igwai: Ko kusa. Daga nan zuwa Johannesbag a Afirka ta Kudu kilomita 5,000 ne, kuma ba ka bar nahiyar ba. Madrid ta ƙasar Sifen, da take Turai, kimanin 3,200 ce daga Sakkwato, ta fi Jidda kusa da mu.

Aminu Gwiwa: Bari in sa baki, tunda harkar tsara tashin jirage ce sana'ata. Malam Umaru ya ba da ƙasan lissafi, ni kuma in faɗi abin da ke hawa kansa. Jirgi ba ya bin zaren nan daidai-wa-daida. A sama akwai hanyoyi da aka shata, daga wata alama zuwa wata, kuma kowace ƙasa tana da masu kula da sararinta da za su karɓe ka su miƙa ka ga na gaba. Kafin a tashi sai an nemi izinin ratsa kowace ƙasa, kuma ana biyan kuɗin ratsawar. Ko komai lafiya lau, bin waɗannan hanyoyi da juyawar tashi da ta sauka kan ƙara wani abu a kan nisan. Manyan jiragen da ke jigilar alhazai suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa in sun daidaita a sama. Raba 3,720 da wannan, awa huɗu da 'yan mintuna. Ƙara lokacin hawa da na gangarowa, inda gudun bai kai haka ba, sai ka samu awa huɗu da rabi zuwa biyar. Ƙanin babanka gaskiya ya faɗa. Maƙwabciyarku kuma ka tambaye ta wace shekara ta je. Ina kyautata zaton 2023 ce ko bayanta.

Nasiru Mabera: Wallahi 2023 ce. Yaya aka yi ka sani?

Aminu Gwiwa: Saboda ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum tsakanin sojojin Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, saura 'yan makonni a fara jigila. Duba taswira ka ga girman Sudan da inda take kwance. Ita ce ƙofarmu ta gabas. In an rufe ta, ko dai a yi kudu ta wajen Kamaru da Afirka ta Tsakiya a zagayo ta Habasha sannan a hauro Bahar Maliya, ko a yi arewa a nemi Masar, ga kuma Libiya a tsakani da nata matsalolin. Duk wadda aka bi, an ƙara awa biyu ko fiye. Shi ya sa kamfanonin jiragen suka nemi ƙarin kuɗi a shekarar, har aka tsaya a kan dala 250 kan kowane maniyyaci.

Hajiya Asabe Runjin Sambo: Ni ina cikin waɗanda abin ya shafa. Nasiru, ka saurare ni da kyau saboda Inna. Mun kwana muna jira a sansanin alhazai, aka kira sawunmu da dare. Kujerata tana tsakiya, ta hannun damana wata tsohuwa ce daga wajen Tangaza, ba ta taɓa shiga jirgi ba. Akwai ɗan allo a gaba da ke nuna jirgin kamar ƙwaro yana tafiya a kan taswira. Wani yaro da ke bayanmu ya ce, Hajiya ku duba, gabas za mu amma hancinsa kudu yake kallo. Tsohuwar nan ta ƙi shan ruwa tun daga ƙasa don kada ta buƙaci bayi, ta ce ba ta san yadda ake buɗe ƙofar ba kuma tana jin kunyar ta da mutane. Ta naɗe ƙafafu wuri ɗaya, ba ta motsa ba har muka isa. Da aka ce a sauka, silifas ɗinta ya ƙi shiga, ƙafar ta kumbura har yatsun sun haɗe. A hannu ta riƙe takalman, ni da wata muka tallabe ta har ƙasa. Kwanakin farko a Madina a ɗaki ta yi su, tana jin kiran salla daga Masallacin Annabi tana hawaye. Don haka ni ba lambar kilomita ce ta dame ni ba. Ka gaya wa Inna ta sha ruwa, ta tashi ta taka a tsakanin kujeru in an kashe alamar ɗamara, ta riƙa juya ƙafa ko tana zaune. Kuma ka sa wata ta nuna mata yadda bayin jirgi yake tun kafin ranar. In tana da ciwon suga ko hawan jini, maganinta ya kasance a jakar hannu, ba cikin babban kaya ba.

Nasiru Mabera: Allah Ya saka da alheri Hajiya. Zan karanta mata wannan kalma bayan kalma.

Alhaji Garba Illela: To kun ji. Ai shi na nika hwaɗi. Waya ta san da tsohuwag ga? Ta san anka ruhe Sudan?

Aminu Gwiwa: Ba ta sani ba Alhaji, amma ba don ita aka yi ta ba. Mai tsara tafiya da wannan lambar yake farawa, da ita yake gane nawa zagayen ya ci. In ba ka san 3,720 ba, yaya za ka san an ɗora maka? Ni a ganina ya kamata kowane maniyyaci ya san ta, don in an ce masa an ƙara kuɗi saboda hanya, ya iya tambaya: wace hanya, kuma kilomita nawa aka ƙara?

Zainab Arkilla: Nijar ma ai ta taɓa rufe sararin samaniyarta.

Aminu Gwiwa: Haka ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sojojin suka rufe sararinsu a farkon Agusta. Mu a nan abin ya fi taɓa mu, don daga filin jirginmu zuwa iyakar Illela 'yan mintuna ne a sama. Duk jirgin da ya nufi gabas maso arewa ko arewa daga Sakkwato, Nijar ce farkon abin da zai tarar.

Malam Shehu Ƙofar Marke: Salamu alaikum. Na bi bayanan nan duka, Allah Ya ƙara ilimi. Akwai wani ɓangare da nisa da gudun jirgi suka shiga cikin ibada kai tsaye, shi ne miƙati, wato iyakar da ake ɗaukar harami kafin a wuce ta. Wanda aka fara kaiwa Madina ba shi da damuwa, zai yi kwanakinsa, in zai tafi Makka ya ɗauki harami a Zul-Hulaifa, wurin da ake kira Abyar Ali, a natse, da wanka da nafila. A 'yan shekarun nan mafi yawan alhazanmu ta nan ake bi da su. Amma wanda jirginsa zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, kamar masu Umara da yawa, to shi a sama zai daidaita da miƙati. Malam Aminu ya ce kilomita 850 zuwa 900 a awa. Wato kusan kilomita 15 a minti ɗaya. In ma'aikacin jirgi ya yi sanarwa sannan mutum ya tashi neman jakarsa, ya shiga layin bayi don ya canza tufa, kafin ya fito an yi nisa. Shi ya sa muke ce wa maza su ɗaura mayafan haraminsu tun daga ƙasa, ko aƙalla zanen ƙasa, in sanarwa ta zo sai niyya da talbiyya kawai.

Bashir Minanata: Malam, amma na ji wasu malamai sun ce wanda ya zo ta jirgin sama zai iya ɗaukar harami a Jidda.

Malam Shehu Ƙofar Marke: Akwai masu wannan fahimta, kuma akwai da yawa da suka ce Jidda tana cikin iyaka, ba miƙati ba ce sai ga mazaunanta. Saɓani ne sananne, ba a nan za mu warware shi ba. Abin da nake ba mutane shawara shi ne su bi abin da ba wanda zai ce bai yi ba: ka shirya tun kafin a kai. Me za ka rasa? Ka biya miliyoyi, ka bar iyali, sai ka tsaya a kan abin da zuciyarka za ta riƙa yi maka waswasi har ka dawo?

Bashir Minanata: Sanyin cikin jirgi fa Malam? Tsoho da mayafi biyu na awa biyar?

Malam Shehu Ƙofar Marke: Kafin niyya ai bai zama mai harami ba, ya sa rigarsa a kai, ya tuɓe in an kusa. Bayan niyya ma zai iya lulluɓa da bargo, amma ba zai rufe kansa ba.

Malam Umaru Gidan Igwai: Tunda Malam Shehu ya kawo ibada, in ƙara wani abu da yake burge ni. Layin nan na zare, shi ne dai lissafin alƙibla. Daga Sakkwato, Ka'aba tana wajen digiri 71 daga arewa in ka juya ta hannun dama. Gabas sosai digiri 90 ce. Wato alƙiblarmu ba gabas tsantsa ba ce, ta karkata arewa da kusan digiri 19. Jirgin da ya tashi daga nan ya miƙe zuwa Jidda, kusan inda liman yake fuskanta nan hancinsa yake kallo.

Hajiya Asabe Runjin Sambo: Allahu Akbar.

Nasiru Mabera: Wani abu kuma. In sun tashi ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ƙarfe nawa zan sa ran kiranta?

Aminu Gwiwa: Saudiyya tana gabanmu da awa biyu. In hanya miƙaƙƙiya ce, awa biyar, za su sauka huɗu na asuba agogonmu, shida na safe agogonsu. Ka ga asuba a sama za ta same su, ko dab da sauka, don wanda ya nufi gabas tarar rana yake yi. In an yi zagaye ka ƙara biyu. Amma kada ka zauna riƙe da waya tun ƙarfe huɗu. Akwai duba fasfo, ɗaukar kaya, shiga mota, kai su masauki, sannan a samu layin waya. Ka ba ta har azahar kafin hankalinka ya tashi.

Zainab Arkilla: Me ya sa ma jiragen alhazai suka fi tashi da dare ko da asuba a nan?

Aminu Gwiwa: Dalilai da yawa ne, har da lokacin da Saudiyya ta ware wa kowane jirgi ya sauka, wanda ba a hannunmu yake ba. Amma zafi ma yana ciki. A watan Afrilu da Mayu kin san Sakkwato, ma'auni kan wuce digiri 40 da rana. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike ba ya samun abin da zai dogara a kai sosai, inji ma ƙarfinsa yana raguwa. Jirgi cike da mutane da kaya da man da zai kai shi wata nahiya yana buƙatar titi mai tsawo kafin ya ɗaga, kuma tsawon titi ba ya ƙaruwa. In rana ta take, wani lokaci dole a rage nauyi. Nan ne nisa yake shiga kaya: ƙarin awa biyu na zagaye ƙarin mai ne tan-tan, kuma duk kilon man da aka ƙara, wani kilo ne aka hana wani abu.

Alhaji Garba Illela: Wanga kam na yarda da shi. Shi ya sa wani lokaci alhaji ka isowa gida kayanai na baya. Mu muna ta zagin ma'aikata.

Bashir Minanata: Ni tambayata ita ce, tunda duniya tana juyawa zuwa gabas, ai kamata ya yi dawowa ta fi sauri, tunda Sakkwato tana tahowa ta tarbi jirgin.

Malam Umaru Gidan Igwai: Iskar da jirgin yake ciki tare take juyawa da duniyar, Bashir, don haka ba wani gari da ke tarbar jirgi. Abin da ke bambanta zuwa da dawowa shi ne iskar sama. Lokacin sanyi, iska mai ƙarfi a can sama daga yamma take busawa zuwa gabas a sashen arewacin Afirka, sai ta tura mai zuwa ta danne mai dawowa. Da damina kuwa, a yankinmu, ta sama daga gabas take zuwa, sai abin ya juya. Kuma kun san Hajji yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, yana zagaya yanayi. Wanda ya je cikin hunturu shekaru da suka wuce da wanda ya je cikin bazara, ko hanya ɗaya suka bi, ba lallai agogonsu ya zo ɗaya ba.

Baba Dikko Rijiyar Dorowa: 'Ya'yana, jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa. Na ji kuna ta awa biyar, awa bakwai. Ƙasashen nan da Malam Umaru ya lissafa, kakanninmu da ƙafa da jaki da raƙumi suka ratsa su. A bi ta Kano ko Katsina, a yi Barno, a ƙetara Fort Lami wadda yanzu ake ce wa Njamena, a yi Abeshe, a shiga Darfur ta Janaina da Fashir, a kai Ubayyid, a kai Nilu, sannan Sawakin a bakin teku, a jira jirgin ruwa. Mutum ya tsaya ya yi noma ko ɗinki ko ga-ruwa ya tara guzuri, ya ƙara gaba. Shekaru ake yi. Wani ya tafi da saurayi ya dawo da furfura, wani bai dawo ba. In mutum zai tafi, raba gado kawai ba a yi, amma ana yafe wa juna kamar ba za a sake haɗuwa ba. Kuma kada ku manta, bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya gabas ya nufa da jama'a, aka yi yaƙin Burmi ya yi shahada a can. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka rage har Sudan, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar, garin har yau sunansa Mai Wurno. Don haka in an ce an rufe saman Sudan saboda yaƙi, ku daina jin kamar maganar mai da dala ce kawai. Danginmu ne a ƙasan, masu jin Hausa da Fulatanci, yaƙin a kansu yake.

Hajiya Asabe Runjin Sambo: Gaskiya ne Baba. A Makka na haɗu da wata 'yar Sudan tana sayar da abinci, Hausarta tsaf, ta ce kakanta daga ƙasar Sakkwato ya fito. Allah Ya kawo musu zaman lafiya.

Malam Shehu Ƙofar Marke: Amin ya Rabbi.

Baba Dikko Rijiyar Dorowa: Kuma ku riƙa sa mutanen 1991 a addu'a. Yaran yanzu ba su san wannan hatsarin jirgi ba. Ranar 11 ga Yuli, jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda, nan Sakkwato zai sauke su. Mutum 261 ne a ciki, ba wanda ya fita. Mutane sun share gida, an yi girki, ana jiran baƙi.

Aminu Gwiwa: Allah Ya jiƙansu, Baba. Ana koyar da wannan hatsarin har yau ga masu aikin jirgi. Jirgin samfurin DC-8 ne. Bincike ya nuna akwai tayar da iskarta ba ta cika ba, tayoyi suka fashe yana gudu a kan titi, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun cikin jirgin da wutar a jiki. Matuƙan sun juyo don su sauka, ya faɗi bai kai kilomita 3 da titin ba. Daga cikin 3,720 ko kaɗan bai ci ba. Shi ya sa in aka ce an jinkirta sawu saboda injiniya bai sa hannu ba, ni ba na son in ji ana hayaniya a sansani.

Alhaji Garba Illela: Allah Shi gahwarta musu. Amma Aminu, jinkirin gyara daban, jinkirin rashin tsari daban. Kada a haɗe su. A riƙa hwaɗa muna gaskiya wane na.

Aminu Gwiwa: Na yarda, haƙƙinku ne a gaya muku.

Bashir Minanata: To tunda an zo kan haƙƙi, ni ga abin da ban gane ba. In nisa ne ke sa kuɗi, me ya sa mu da Kano kuɗin kujera ɗaya?

Malam Umaru Gidan Igwai: Hukumar Alhazai ta Ƙasa shiyya-shiyya take yanka kuɗin. A 2025 masu tashi daga Maiduguri da Yola sun biya wajen naira miliyan 8.33, sauran Arewa miliyan 8.46, Kudu miliyan 8.78. In ka auna, Maiduguri zuwa Jidda kimanin kilomita 3,000 ne, Kano 3,420, mu 3,720, Legas 4,200. Ka ga a cikin shiyyar Arewa mu da Kabi ne can ƙarshen yamma. Mun fi Kano nisa da kilomita 300 amma kuɗinmu ɗaya. In da za a bi kilomita zalla, mu ne za a ƙara wa, ba a rage mana ba.

Bashir Minanata: Amma Malam duba lissafinka. Maiduguri ta fi mu kusa da kilomita 700 da wani abu, bambancin kuɗin dubu 130 ne. Legas ta fi mu nisa da ƙasa da 500, bambancin ya haura dubu 300. Ai bai tafi daidai ba.

Aminu Gwiwa: Ba zai tafi daidai ba, don an yi wa kowace shiyya kuɗin bai-ɗaya ne, ba gari-gari ba, kuma kuɗin jirgi wani yanki ne kawai na kujera. Masauki a Makka da Madina, abinci, tantunan Mina da Arfa, motoci, guzuri, duk ba ruwansu da inda ka taso, kuma da dala ko riyal ake biyansu. Canjin dala ya fi kilomita tasiri nesa ba kusa ba. Ko a kuɗin jirgin ma, ka tuna jirgin jigila yakan kai mutane ya dawo wayam ya ɗauki wani sawu, ka ga kujera ɗaya tafiya biyu take biya.

Bashir Minanata: Duk da haka ina ganin ya kamata a riƙa fitar da shi dalla-dalla, a ce ga na jirgi, ga na masauki, kowa ya gani da Hausa, a liƙa a ofishin alhazai na kowace ƙaramar hukuma. Mutumin ƙauye ya sayar da shanunsa, ya cancanci ya san inda kowace naira ta tafi.

Zainab Arkilla: Ina goyon bayan wannan. A karanta a rediyo ma, don ba kowa ke karatu ba.

Hajiya Asabe Runjin Sambo: Malam Aminu, ni kuma Umara nake niyya da azumi. Wani mai shirya tafiya ya ce mini ta Abuja da Adis Ababa ta fi sauƙin kuɗi. Nisan fa?

Aminu Gwiwa: Hajiya, a takarda: Sakkwato zuwa Abuja kusan kilomita 490, Abuja zuwa Adis Ababa wajen 3,460, daga can zuwa Jidda wajen 1,400. Jimla ta haura 5,300, ga jiran canjin jirgi sau biyu, kuma kina da azumi a baki ko kina ramuwa daga baya. In kin samu wanda zai tashi daga Kano kai tsaye, ko da ya ɗan fi tsada, ki auna da kuɗin kwana da abinci a hanya kafin ki yanke. Ki tambaye shi awa nawa za ki zauna a Adis Ababa, kuma ya rubuta miki a takarda ko kayanki za su wuce kai tsaye ko sai kin karɓa kin sake aunawa. In ya ba ki lambar jiragen ki turo mini in duba miki lokutansu.